Hayaƙin da Ke Gadin Iri

"Ba zan fasa shi ba, Baffa."

Mansura ta faɗi haka tana tsaye a ƙofar ɗakin girki, ta tare hanya da jikinta. Taɓaryar da Baffa Ɗanmusa ya jefo mata tana kwance a ƙasa tsakaninsu. Shi ne ƙanin mahaifinta, kuma tun rasuwar mahaifin shi ke riƙe da gidan da rumbunan da ke cikinsa.

"Mi kika ce?"

"Na ce murhun ga ba zai fashe da hannuna ba."

Jiya ruwan shuka ya sauka a ƙauyensu, Geza. Da safen nan Baffa ya taka turmi ya sauko da masarar iri daga rufin ɗakin girkin, inda ake rataye ta kowace shekara. Farar masara ce da kakansu ya zo da ita daga Segbana, hayin iyaka, mai nuna da wuri, tun kafin yunwar damina ta kama mutane. Da ya ɓare bawon ta farko sai gari ya zubo masa a tafin hannu. Ya ɓare ta biyu, ya ɓare ta goma. Ƙwari sun huda kusan kowace ƙwaya.

Kowa a gidan ya san dalili. Shekara da shekaru hayaƙin murhun duwatsu uku ne ke turara masarar, ya hana ƙwari kusantarta. Wata bakwai da suka wuce Mansura ta kwashe duwatsun. Ta kwaɓa laka da ƙaiƙayi ta gina murhu mai baki biyu, ta sa masa bututun kwano ya fitar da hayaƙin ta bango. Ta koyi ginin ne a makarantar kiwon lafiya da ta gama. Itacen da a da ake ƙonewa a kwana biyu yanzu yana kai mako. Bango ya daina baƙi. Iri kuma ya rasa mai gadinsa, ita kuwa ko sau ɗaya ba ta ɗaga kai ta dubi rufin ba.

Ta amsa laifinta ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Ta ce ita ta ja, kuma baɗi za ta adana iri a jarka mai murfi, da toka da ganyen dogon yaro, ƙwaro ɗaya ba zai shiga ba. Baffa ya ce baɗi ba ita ce bana ba. Ya ce masarar nan ta wuce fari biyu da ambaliyar kogin Kwara ba ta ɓace ba, sai da aka kai ɗiya makaranta.

Gwaggo Safina, matar Baffa, tana zaune a gindin rumbu tana tsintar shinkafa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Likitar gida ta warkar da ƙwari. Kun ga yadda suka yi ƙiba?"

Mansura ta dube ta. Wannan matar ce ta fi kowa murna da murhun, ita ce ta riƙa kiran matan unguwa su zo su ga tukunya biyu a kan wuta ɗaya, ita ce kuma ta daina tafiyar safe zuwa daji neman itace, inda yanzu sai an yi nisa kafin a ga busasshen reshe.

"Gwaggo, jiya ma a kansa kika dafa tuwonki."

"Jiya ban san ɓarawo ne ba."

Baffa ya ce ba dogon zance ya zo yi ba. Ya ba ta zuwa la'asar. Ko ta fasa murhun ta mayar da duwatsun kakanta inda ta same su, ko kuwa daga yau tukunya ta rabu: ita da uwarta su ci da kansu, babu awo daga rumbunsa. Ya saɓa fartanya ya fita neman aron iri a wajen mutanen da ya saba ba su aro.

Inna Mariyamu, uwar Mansura, ta kira ta daga ɗaki. Tana zaune a bakin gado da carbi a hannu, ta ji komai. Saboda ita aka gina murhun. Bara da sanyi Mansura ta ga jini a gefen mayafinta, ta ɗauke ta a bayan babur zuwa asibitin Bagudo, likita ya ce huhunta ya sha hayaƙin da ya ishe shi. Tun da bututun ya fara aiki tarin ya lafa, har tana iya karanta Alƙur'ani shafi biyu ba ta tsaya ba.

"Je ki fasa shi, ɗiyata."

"Inna, har da ke?"

Inna ta ce shekara talatin ta yi a cikin hayaƙi ba ta mutu ba, amma ba ta san yadda mace marar miji ke yin damina ɗaya ba tare da rumbu ba. Ta ce tari nata ne, ita ke yin sa, ba ta roƙi kowa ya sayo mata lafiya da zumuncin gidan mijinta ba.

Wannan ta fi taɓaryar Baffa nauyi. Mansura ta tsaya tana kallon ƙafafun uwarta, sirara kamar na yarinya. Sannan ta ce, a hankali, ita ce ta wanke mayafin nan mai jini, kuma ba za ta sake wanke irinsa ba. Inna ta juya fuskarta ga bango.

Mansura ta fito ta kwashe masarar da Baffa ya watsar a tsakar gida. Ta zauna a rana ta murje ta ɗaya bayan ɗaya cikin babbar roba, har fatar babban yatsanta ta saluɓe. Ta zuba ruwa. Ƙwayoyin da ƙwari suka cinye cikinsu suka taso sama, ta kwashe ta watsa wa kaji. Abin da ya nutse ƙasa, mai sauran rai, bai cika kwanon sha ba. Ta shanya shi a faifai.

Da Baffa ya dawo bayan la'asar, buhunsa babu komai sai 'yar masarar kasuwa a ƙasa, ta kai masa faifan da hannu biyu ta durƙusa. Bai dubi faifan ba. Ya leƙa ɗakin girki. Murhun yana nan, wuta na ci a cikinsa shiru, miyar kuka na tafasa.

"Riƙe abinki," ya ce. "Ki shuka a kan murhun."

Shi da kansa ya kafa zana daga gindin rumbu zuwa katanga, ya bar rumbunan a ɓangarensa. Shi ya mirgino duwatsun uku daga bayan gida inda ta jefar da su. Gwaggo Safina ta hura wuta a fili da ɗanyen itace, tana tari tana faɗa da kaji. Iska ta kwaso hayaƙin ta tsallake zanar da shi, kai tsaye zuwa ƙofar ɗakin Inna. Mansura ta tashi ta saki labule, ta jiƙa tsohon zane ta toshe tagar.

Ta kai tuwo ɗaki. Inna ta karɓa ba ta ce mata sannu ba.

Mansura ta koma ta zauna a dokin ƙofar ɗakin girki da faifan a cinyarta. Murhun yana tsaye. Ya cinye mata awon rumbu, da gaisuwar Baffa, da muryar uwarta. Abin da ya rage musu na damina shi ne garin da ke cikin tulu, wanda zai kai kwana tara in an yi tsimi, da irin da bai cika kwano ba, da ƙaramar gonar mahaifinta ta hanyar Matsinkai, wadda gobe da safe za ta je ta shuka ita kaɗai.