Ramukan Hanyar Janbako

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya sauke Magaji daga gingimarinsa ta ɗaukar shanu, magana ta ƙaurace wa bakinsa. Mutumin da a da in ya buɗe hira a kasuwar Talata Mafara sai mahauta sun roƙe shi ya numfasa, yanzu in an gaishe shi kai kawai yake ɗagawa. Wannan shirun ne ya hana 'yarsa Ramla sukuni.

Ramla kuwa gwanar kwamfuta ce, kuma akwai taurin kai. Ta ɗauki wasan tuƙin manyan motoci ta ƙera masa ƙari, abin da 'yan wasa ke kira mod: koriyar gingimarin babanta, da shanu kwance a baya, da hanyar Janbako tun daga tasha har kasuwa. Saboda tausayi ta shimfiɗa hanyar sumul, ko tsakuwa babu. Hotuna sun kammala, bayani ya rubutu, saura kawai ta ɗora a dandalin 'yan wasa. Sai ta ce a ranta, mai mota ne zai fara tuƙi.

Da la'asar ta ajiye masa kwamfutar a kan tabarma, ta ɗora hannunsa mai lafiya a kan maɓallai. Ya daɗe yana kallon motar, sannan ya ja ta.

Ba a yi nisa ba ya karkace hagu, a kan hanya fetal. Can kuma ya sauka gefen gona, ya rage gudu kamar mai tsallake kwalbati. Ramla ta dubi yatsunsa a kan maɓallai. Ashe hannun da ya rage ma ya fara gardama? Hawaye suka cika mata ido, ta miƙa hannu za ta rufe kwamfutar.

"Wa yag gyara hanyag ga?"

Muryar ta fito a shaƙe, amma tasa ce.

"Ni, Baba."

"Kin ɓata ta, ɗiyata. Nan akwai rami, mai cin taya. In kin bi tsakiya, shanu duk su zube kan juna." Ya nuna da haɓa. "Ga wani can gaba, gindin tsamiya. Ina kinka kai su?"

Ashe ramukan da ta share yake kauce wa.

Ranar ba a ɗora komai ba. Kwana da kwanaki uba da 'ya suna haƙa ramuka a allo, kowane rami da labarinsa, har Inna Mariya, mahaifiyar Ramla, ta fara ƙorafin tuwo na hucewa.

Da mod ɗin ya hau dandali, wani baƙo daga wata ƙasa ya rubuto cewa hanyar nan zalunci ce, babu mahalukin da zai iya kai shanu ta cikinta. Ramla ta fassara wa babanta.

Magaji ya yi dariya har da tari. "Ce mai ya biyo bayana," ya ce. "Miƙo min motata."