Jirgin Malam Gado

Kukan akwatin batir ne ya tsallako katanga ya same ni ina tankaɗe, wani siririn kuka mai shiga haƙori. Bayansa sai muryar Tahira, matar maƙwabcinmu Malam Gado.

"Madam Zuliha! Zo ki yi mishi magana, ni na gaji."

Na shiga da gari a hannuna. Malam Gado yana kan kujerarsa, an tokare shi da matasai, tiyon iska a hancinsa, hannunsa a kan sandar tuƙi. A gabansa kwamfuta ce, cikinta farin jirgi yana keta gajimare. Kusa da ƙafarsa na'urar da ke ba shi iska tana gurnani. Su biyun batir ɗaya suke sha, ga shi batirin ya fara ƙarewa.

Daminar da sojoji suka karɓi mulki ce. An rufe iyaka, kuran ɗin, wato lantarkin da ke zuwa mana daga Najeriya, ya yanke, Maraɗi ta koma sai a ga wuta a yi mata sannu da zuwa. Farantin solar da ke kan rufinsu kuwa bai ga rana ba tun jiya, hadari ya rufe gari ruf.

"Kashe wanga abu za a yi," in ji Tahira. "Batiri ba ya ɗaukar su duka."

"Ina bisa Sudan," ya ce, yana jan kowace kalma da ƙyar. "Saura kaɗan in ga ruwa."

Direban kamiyo ne shi, babbar motar kaya, ya ci hanya har ciwon ƙirji ya zaunar da shi. Ɗansu da ke aiki a Yamai ne ya aiko masa da wasan tuƙin jirgi don ya rage zaman shiru, tare da wani ƙari da ke ɗaukar mutum aiki kamar kamfani na gaske. Da ɗan ƙaramin jirgin buhuna ake farawa. In ka sauka lafiya a ƙara maka girma, in ka jijjiga fasinja su kai ƙararka. Abin kuma ba shi da imani: in na'ura ta mutu kana sama, ya rubuta ka faɗi, ya share matuƙin, sai a koma farko. Ni nake karanta masa Faransancin, tunda ni ce malamar lakwal, makarantar bokon unguwa, kuma ba na tashi sai na yi masa tsiya. Ina ce masa tsoho da wasan ƙasa, shi kuma ya ce in gyara zama za mu tashi.

Ya fi shekara biyu yana hawan wannan tsani don abu ɗaya: a ba shi babban jirgi ya kai alhazai Jidda. Shi kansa bai taɓa zuwa Makka ba, kuma mun san ba zai je ba. A makon nan izinin ya fito. Da safe kuran ya leƙo, Malam Gado ya ɗauka ya zo zama ne, ya tashi da jirgin. Bai yi nisa ba wutar ta koma inda ta fito.

"Malam Gado, ka ji tsoron Allah," na ce. "Mutanen nan na cikin gilashi ba su da rai. Kai ke da shi."

"Ban taɓa aje mutum bisa hanya ba, Madam. Ko da taya ta hwashe."

Raina ya ɓaci, amma na san gardama da shi ɓata yawu ce. Na fita na taso maigidana Ilyasu, na ce ya hau moto, babur ɗinsa, ya je Jiratawa, ƙanen Tahira yana da batiri a lambunsa. Ya tsiyaye ragowar man da ke cikin kwalba ya tafi, yayyafi na dukansa.

Muka zauna jira. Ruwa yana ɗiga daga indararo cikin bokiti. Aka kira la'asar, Malam Gado ya yi sallarsa a zaune, jirgin yana tafiya da kansa. Tahira ba ta kallon mijinta, ba ta kallon jirgin, fitilar akwatin batir kawai take kallo. Da fitilar ta koma ja, gurnanin na'urar iska ya fara yankewa yana dawowa. Na ga leɓen Malam Gado ya canza launi.

"Ga ruwan nan," ya ce. "Madam, duba. Bahar Maliya."

Na duba. Ƙasa ta ƙare, shuɗi ya cika gilashin, fuskarsa ta yi wani haske da na daɗe ban gani ba. Sai na'urar iska ta sake yin shiru, wannan karon ta jima. Tahira ta miƙe, ta zagaya bayan tebur, ta fizge wayar kwamfutar.

Gilashin ya yi baƙi. Na'urar iska ta ja numfashi ta ci gaba da gurnani da ƙarfinta.

Hannunsa bai bar sandar ba. Ya daɗe yana kallon fuskarsa a cikin baƙin gilashin.

"Kin kashe?"

"Na kashe, Malam."

"To."

Da ya yi faɗa, da ya fi mana sauƙi. Sai kawai ya ce a kwantar da shi. Muka kama shi mu biyu, ba shi da nauyin kirki. Tahira ta kawo kunu, ya karɓi ludayi ɗaya don kada ta ji ba daɗi, ya ce mata an gode. Ta zauna a bakin gado tana riƙe da ƙafarsa.

Kafin magariba na ji numfashinsa ya sake. Na matsa kusa ina yi masa kalmar shahada, bakinsa ya bi ni a hankali, daga nan bai ƙara bi ba. Na'urar ta ci gaba da hura iska cikin hancinsa. Ba wadda ta iya kashe ta a cikinmu, har Ilyasu ya shigo, taɓo har gwiwa, batiri a kafaɗa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dube mu, ya sauke shi a hankali, ya yi salati.

Washegari aka kai shi Tsibiri, garinsu, aka rufe shi kusa da mahaifinsa. Kowa da ya zo gaisuwa sai ya yaba wa Tahira jinyar da ta yi, ita kuma ta sunkuyar da kai. Na yi kukan Malam Gado, amma ita ta fi ba ni tausayi.

Bayan an watse daga sadakar bakwai rana ta fito sosai. Tahira ta aiko in zo. Na same ta a ɗakinsa cikin kayan takaba, ta mayar da wayar kwamfutar da hannunta.

"Kunna mini. Ki karanta mini abin da wasan ya ce."

Na kunna, na karanta a zuci tukuna. Na so in rage wani abu, ta kafe ni da ido.

"Ya ce jirgin ya ɓace bisa teku. Ya ce an share matuƙin."

"Da na ƙyale shi, da ya sauka?"

"Ban sani ba, Tahira. Wallahi ban sani ba. Ya dai kusa."

Ta gyaɗa kai. Rubutun ya gushe, sai ga filin jirgin Maraɗi, ga ɗan ƙaramin jirgin buhunan nan a tsaye, ƙofarsa a buɗe, ba kowa a ciki. Tahira ta jawo kujerarsa ta zauna, ta haɗa hannuwanta a cinya tana kallonsa.