Akwatunan Kan Rufi

Pyo Man-su, mai unguwar tsibirin Dalseom, shi ya kashe wa tsohuwa Sun-deok waya, kuma ko a gaban wa za ta faɗa. Shi ya fara kafa akwatin ƙara ƙarfin sabis a kan rufinsa don kallon kokawa. Nasa ya danne sabis ɗin maƙwabci, maƙwabci ya sayo wanda ya fi shi. Kafin a ankara kowane rufi da akwatinsa. Sun-deok da ba ta sayi komai ba, wayarta ta zama dutse. Ga 'yarta Mi-ok can a birnin Busan, haihuwa yau ko gobe.

Ta addabi kamfanin waya har suka turo injiniya Do Hae-rin, siririyar budurwa da na'urar awo rataye a wuya. Hae-rin ta bi gari lungu-lungu, tana sunkuyawa ƙarƙashin igiyoyin shanyar kifi, tsofaffi na biye da ita.

"Kaka, hasumiyar sabis ɗinku lafiyarta lau," in ji Hae-rin. "Akwatunan nan ne. Kowanne na maimaita abin da ya ji da ƙarfi, har da ihun ɗan'uwansa. Kowa na magana, ba mai ji."

"Taron unguwarmu ke nan," in ji Sun-deok.

Man-su ya sosa sanƙonsa. "Yaya, ni fa taimako na yi niyya."

"Taimakon me, mai kan dorinar ruwa? Hau tsani."

Ya hau, saura suka bi. Da aka kashe akwati na ƙarshe, Hae-rin ta sa aka ɗan sunkuyar da eriyar hasumiya ta dubi gidaje, maimakon teku. Nan take aljihun Sun-deok ya ɗauki kiɗa.

Kiran bidiyo ne, ga fuskar Mi-ok, a gefenta wata jar jaririya mai kumatu.

"Umma, tun jiya nake kiranki. Mace ce."

Sun-deok ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya da hawaye. Wayar ta zaga hannu-hannu, har aka fara gardamar hancin wa ta ɗauko. Mata suka ɗora tukunyar miyar ciyawar teku ta masu jego, aka zuba wa Hae-rin ta farko.

Man-su ya miƙo kwano. Sun-deok ta janye ludayi.

"Kukan jikata na farko ya wuce ban ji ba. Tsaya nan gaban jama'a ka amsa. Wa zai biya ni shi?"