Sanhon Ɗanyar Kaba

A Korgom, a shekarun da mutane ke ta fita daji suna gina rijiyoyi suna kafa ƙauyuka, an yi wani masaƙin kaba ana ce da shi Na Allah. Hannu kam Allah ya ba shi. In ya tufka maka igiya, sai dai guga ya tsufa ya bar ta. Ya kuma san ya iya, abin da ya sa ba a cika gaya masa magana ya ji ba ke nan.

Shekara goma sha biyu yana noma a gandun wansa Dauda. Dauda ba mugu ba ne, amma shi ke riƙe da rumbu, shi ke cewa yau a ɗebi dami kaza. Na Allah ya gaji da zama ƙane da furfura a gemu. Da ya ji an gina sabuwar rijiya arewa da Kanan-Bakashe, duk wanda ya sari daji gona tasa ce, sai ya tafi da rani ya sare, ya ƙone, ya dawo ɗaukar matarsa Furera. Dauda ya ba shi jaki ɗaya da rabonsa na irin hatsi, dami biyu, ya ce masa ƙofa a buɗe take. Na Allah ya rantse a ransa ba zai sake shigo ta da hauya a kafaɗa ba. Wannan irin kuwa shi ne dukan abin da zai tsayar da shi da ƙafarsa.

Wurin da za su babu ko bukka, don haka ya zauna saƙar kayan zango. Kabar da ya shanya tun sanyi ya sauko da ita, ya tsattsaga, ya yayyafa mata ruwa ta yi laushi. Ya saƙa tabarmi huɗu, biyu na kwana, biyu na rufa bukka. Ya tufka igiyar guga gaba ashirin, ya yi ragayar rataye ƙwarya saboda gara, ya yi wa kansa malafa mai faɗi har da ado. Sai da ya gama ya lura busasshiyar kaba ta ƙare, ga dami biyu ba su da wurin zama a bayan jaki.

Ya ce da Furera ta sussuke irin, zai saƙa sanho biyu a zuba, wato jakar kaba mai matsattsen baki.

Ta ce, “Malam, iri a zangarniyatai aka tahiya da shi. Ni ban taɓa ganin an sussuke shi tun ba a kai bakin gona ba.”

“Jaki guda gare mu. Ko ke za ki ɗauki dami biyu kwana ukku?”

“To kabar hwa? Wagga da kas saro yau ɗanya ta.”

“Ke za ki koya mani kaba?”

Ta ɗauki taɓarya. Shi ma ya san ɗanyar kaba ba ta saƙuwa ta zauna, tun yana ƙarami ya sani. Amma kwana biyu ke nan gabas na haɗa hadari da la’asar, ga bushewar kaba sai an yi mako. Ya ce a ransa in ya matse saƙar sosai za ta kai shi. Ya matse ta kuwa har yatsunsa suka yi jini. Sanho biyu suka fito kore shar, ko ruwa ka zuba sai ka ce ba zai fita ba.

Ranar farko lafiya lau. Ya rataya sanho ɗaya a kowane gefe, ya ɗora tabarmi a kai suka sauko suka rufe su. Furera na gaba da ƙwarya a ka, shi yana baya da sanda. Rana ta biyu zafi ya buɗe. Kabar ta fara bushewa tana tsukewa, saƙar na buɗe ido kaɗan-kaɗan, ƙwayar hatsi na sulalewa cikin rairayi. Shi kuwa idonsa na gabas yana auna hadari. Sau uku kaya na karkacewa, don sanhon da ke ɓangaren rana ya fi saurin zuba. Sau uku yana zagin jaki yana ƙara ɗaure igiya, bai ɗaga tabarma ya duba ba.

Sai a bakin sabuwar rijiya, da ya zo sauke kaya, ya ɗaga sanhon farko ya ji shi sakayau. Ya cusa hannu har gwiwa kafin ya taɓa hatsi. Na biyun da ɗan dama, shi ma bai kai rabi ba. Ya ɗaga shi sama, ya ga hasken rana ta cikinsa kamar rariya. Kunya ta kama shi fiye da baƙin ciki. Furera ba ta ce ai na faɗa ba. Ta shimfiɗa zanenta ta juye abin da ya rage, ta tsince har na cikin saƙa.

Bayan kwana biyu ruwa ya sauko. Suka shuka abin da ke akwai, bai rufe ko kashi ɗaya cikin huɗu na gonar ba. Gidaje uku ne a wurin, kowa irinsa daidai gonarsa, babu mai rara. Na Allah ya yi kwana shida yana zagaya filin da ya sare da hannunsa, sannan ya sa malafa ya kama hanyar Korgom roƙon iri.

Bai yi nisa ba ya ga abin. Tsiron hatsi ne a jere bakin hanya, siriri, kore, yana bin duk inda jakin ya bi. Inda jakin ya kauce wa ƙaya, shukar ma ta kauce. Inda suka tsaya gyaran kaya ta yi cunkus. Yini biyu yana tafiya gefen gonarsa, awakin makiyaya na kiwo a kanta. A wata rijiya wani mai ban ruwa ya tambaye shi ko ya san wanda ya shuke hanya bana. Ya ce shi baƙo ne.

Ya tarar da Dauda a gona. Dauda ya saurare shi har ya gama, bai yi dariya ba, bai yi faɗa ba.

Ya ce, “Ruwan da kunka samu mu ma mun same shi. Iri duk shina cikin ƙasa, ko tahi guda bai saura ba. Na ci ma awo muke har kaka.”

Na Allah ya tsaya yana duban kunyoyin gandun, ciyawa ta fara kai.

Dauda ya ce, “Abin da kas shuka can ba ya riƙe mutum biyu. Ka huta yau, gobe ka tai ka ɗauko Furera. Noman hwari mako mai zuwa muka farawa, kuma hannu guda munka rasa.”

Na Allah ya ce to. Sannan ya tambayi wansa, a hankali, ko bana ma gefen yamma na gandun ne nasa na noma.