Kiɗan Wucin Gadi

Duk wanda ya san Kunne ya san yana da saurin hawa, amma abin da Darakta ya yi masa ko mai sanyin hali ne sai ya tafasa.

Kunne makaɗin fim ne. Ba ya waƙa, ba ya fitowa a hoto. Aikinsa shi ne kiɗan nan da ke bin labari ta ƙasa, wanda ke sa ƙirjin mai kallo ya yi nauyi bai san dalili ba. Abokan aiki ne suka laƙaba masa sunan, don ko firji ya canza kuka a ɗakin maƙwabta sai ya ji. Ɗakin aikinsa yana bayan wani shagon gyaran waya, an manne bangon da soso, ga piyanon lantarki mai maɓalli ɗaya da ya mutu, ga kujerar da aka ɗaure ƙafarta da wayar wuta. A nan ya yi makonni yana fama da fim ɗin Darakta, labarin wani tsoho mai gyaran keke da 'yarsa za ta bar gari. Wannan ne karon farko da za a rubuta sunansa shi kaɗai a matsayin mai kiɗa, kuma ya ci alwashin duk abin da za a ji ƙarƙashin sunan nan daga hannunsa zai fito.

Zuciyar fim ɗin a tashar mota take. Tsoho yana tsaye, mota tana ja, 'yar ba ta waiwayo ba. Kunne ya yi wa wurin kiɗa da sarewa guda da piyano can ƙasa, ya bar kukan injin motar ya cinye sauran. Da ya kunna wa Darakta, sai mutumin ya jingina da kujera yana susar gemu.

"Ya yi kyau," in ji shi. "Amma ba shi ba ne."

"Ba wanne ba?"

"Wancan dai. Wanda ke kan hoton tun farko."

To, ga yadda masu fim ke aiki. Lokacin da edita yake yanka hotuna yana haɗawa, makaɗi bai gama nasa ba, sai editan ya ari wani kiɗa daga ko'ina ya shimfiɗa a ƙasa, don ya ji takun labarin. Kiɗan wucin gadi ke nan, da zarar na gaskiya ya iso sai a cire shi. Matsalar ita ce Darakta ya kalli tashar motar nan da kiɗan aro har sai da ya zauna masa a kunne daram, ya zama in babu shi wurin tsirara yake gani.

Abin da ya ƙara ƙona ran Kunne, editan ƙanin matarsa ne, wanda ake ce wa Almakashi. Kuma Kunne da hannunsa ya cika masa memori da kiɗe-kiɗen fina-finan da ya fi ƙauna a duniya, ya ce je ka saurara ko kunnenka zai buɗe, ka daina yanka fim kamar mai saran ice. Ashe cikin duk abin da ke ciki, Almakashi bai ga na ɗauka ba sai wanda Kunne ya fi so, na wani tsohon fim na ƙasar waje, inda goge ke tashi a hankali kamar ana ɗaga labule. Kiɗan da Kunne ke kunnawa idan ransa ya ɓaci, shi ne yau aka ɗauko ana dukansa da shi.

"Wancan ai yana da mai shi," Kunne ya ce, yana danne murya.

"Wa ya ce a ɗauka? Ka yi mana irinsa kawai. Inda ya hau ka ɗan sauko, inda ya sauko ka ɗan murɗa. Kamar shi, amma ba shi ba."

"Wato in saci rigar mutum in canza mata maɓalli."

"Kai ka cika ɗaukar abu da zafi, Malam Kunne. Kowa haka yake yi."

"To je ka wurin kowa."

Almakashi yana raɓe a bakin ƙofa, ya ce, "Yaya, ni fa na wucin gadi na sa."

Kunne ya juyo kansa. "Kai rufe min baki. Na ba ka abin saurare, ka mai da shi abin liƙe-liƙe. Mutumin da ya yi kiɗan nan ya yi shi ne don fim ɗinsa, da mutane cike da ɗaki suna goge. Mu tsoho ɗaya gare mu da keke. Ka ɗora wa mai gyaran keke wannan uban kiɗa, ai ka danne shi, ba a ma ganin fuskarsa."

Ya sake kunna nasa, ya sa su saurara dole. Ya nuna musu inda sarewar ke yankewa daidai lokacin da tsohon ya ɗaga hannu ya fasa. Ya yi bayani har maƙogwaronsa ya bushe, yana buga tebur, lasifika na rawa. Darakta ya duba wayarsa, ya miƙe, ya ce, "Shi ke nan, na ji. Turo naka." Kunne ya bi shi da kallo har titi, don saurin yardar bai kwanta masa ba, amma ya tura.

A gida ya shiga yana huci, zai fara ba da labari matarsa ta ɗaga hannu. Ta dawo daga asibitin da take aiki, ƙafafunta cikin roba da ruwan ɗumi.

"Baban yara, don Allah, in rigimarka ce da ƙanina ku ƙarata can. Kullum ni ce a tsakiya."

Ya haɗiye maganar, ya zauna yana cin abinci kamar yana faɗa da cokali.

Ranar da za a nuna wa ma'aikata da iyalansu fim ɗin, an kama wani ɗakin taro da rana, an toshe tagogi da baƙin kyalle. Kunne ya sa sabuwar riga, matarsa na gefensa. Fim ya fara, kiɗansa ya shigo, ya ji sanyi a ransa. Duk inda ya ajiye abu yana nan: piyano a shagon keke, ɗan kiɗa mai sauri a kasuwa, shiru a inda ya ce a bar shiru. Har ya fara jin kunyar zagin da ya yi wa Darakta a zuci.

Sai ga tashar mota. Mota ta ja, Kunne ya kasa kunne yana jiran sarewarsa. Abin da ya taso goge ne, gogen kwamfuta mai ƙarar roba, yana hawa a hankali. Ya gane shi nan take. Kiɗan da ya fi ƙauna ne, an murɗe masa wuya, inda ya kamata ya hau an saukar da shi, inda ya kamata ya numfasa an cusa masa ganga. Darakta ya samo wani ya yi masa aikin da Kunne ya ƙi. Ya damƙe hannun kujera. A kewaye da shi kuwa mutane sai jan hanci suke. Da rubutu ya fara hawa allo, ga sunansa nan ɓaro-ɓaro shi kaɗai, kuma kiɗan satar ne ke tafe a ƙarƙashinsa. Ɗaki ya ɗauki tafi, wasu suna juyowa suna ɗaga masa hannu.

Bai jira an kunna fitila ba. A baranda ya cafke Almakashi a wuyan riga.

"Da hannunka ka cire nawa?"

"Yaya, wallahi na faɗa masa. Ya ce shi ke da fim."

"Sunana fa? Shi ma shi ke da shi?"

"Cewa ya yi in an cire sunanka za ka fi jin haushi."

Darakta ya fito yana washe baki, mutane na binsa. "Ka ji tafi, Malam Kunne? Na gaya maka."

"Ka cire sunana daga fim ɗin nan. Duk wanda ya san kiɗa, yana jin wannan zai ce Kunne ɓarawo ne."

"An riga an tura wa masu nunawa," Darakta ya ce, ya dafa masa kafaɗa. "Kuma mutum nawa ne suka san kiɗa?"

Kunne ya make hannun. Yana neman kalmar da za ta isa ya jefe shi da ita, sai ga matarsa ta ratso cikin mutane, idanunta jajur, tana share su da gefen mayafi. Ba ta ji abin da ake yi ba. Ta kama hannunsa a gaban kowa, abin da ba ta saba ba.

"Baban yara, ka yafe min. Kullum kana ɗakin nan ina ganin wasa kake. Wannan na tashar mota, wallahi tunda nake da kai ba ka taɓa yin abu mai kyau irinsa ba."

Almakashi ya sunkuyar da kai. Darakta ya ɗan yi tari ya juya baya.

"Ba nawa ba ne," Kunne ya ce.

"Kamar yaya ba naka ba? Ga sunanka na gani."

"Shi kaɗai ne ba nawa ba a duk fim ɗin. Sauran duka ni na yi, tun daga shagon keke har kasuwa."

Ta dube shi, tana ƙoƙarin tunawa. Ya ga yadda take lalube a ranta don ta samo abin da za ta faɗa masa, kuma ya san ba ta iya ƙarya ba.

"Akwai kiɗa a wuraren?" ta ce a hankali. "Ni fa ban ji ba."

Duk zafin da ya ɗebo don Darakta sai ya rasa inda zai sauke shi. Ya zare hannunsa daga nata, ya sauka matakala ya fita titi. A bayansa wani daga cikin 'yan kallo yana saukowa yana rera kiɗan tashar motar da fito, har ya riga ya haddace.