Sunan da Hiruli Ba Ta Faɗa

Kwana tara da ɓacewar yayana Jaman, ma'aikatan gandun daji suka kama damisa a keji, can ƙasan gonarmu ta dankali. Kafin rana ta ɗaga, duk ƙauyen ya gama yanke hukunci wai Jaman ne.

Ni ban san abin da na yarda da shi ba. Gaskiya yaya ya daɗe yana zarya gun wani tsoho a bakin kogin da muke ƙona gawa, ana cewa rikiɗa yake koya. Ni kuwa na fi zargin giya da kwazazzabo. Amma matarsa Hiruli ta fito da wani ƙulli da ya bar mata, shinkafa ce rine da kurkum. Ya ce mata in ya dawo da ƙafa huɗu, ta watsa masa a goshi, ta kira sunansa sau uku don ya koma mutum, kuma sai bakin matarsa kaɗai zai yi.

To ga inda gizo ke saƙa. Mace a wurinmu ba ta furta sunan mijinta, in ta furta kwanansa take ragewa. Shekara ashirin da biyu Hiruli ba ta taɓa ba.

Tsofaffi suka rabu biyu. Wasu suka ce in ta kira ta kashe shi, wasu suka ce in ba ta kira ba ya tafi kenan. Direban ma'aikatan dai ya ce da tsakar rana zai wuce da dabbar, shi ba ruwansa da mijin kowa.

Na leƙa kejin. Kunnen hagu a tsage yake, kamar na yaya. Ko na dama ne nasa? Haushin kaina ya kama ni, uwa ɗaya uba ɗaya amma na kasa tunawa.

Hiruli ta matso, ta watsa shinkafar. Ta kira shi da sunan 'yarsu, ta ce, "Baban Basanti." Sau uku.

Damisar ta yi atishawa, ta juya mana baya.

"Matar yaya, sunan za ki faɗa!"

"In kuma yana can da ransa a wani gari fa? In kashe shi saboda damisa?"

Aka ɗora kejin, mota ta gangara. Sai da ta sha kwana ta ɓace, sannan Hiruli ta sheƙa da gudu ba takalmi, tana ƙwala sunan da dukkan ƙarfinta. Har sau uku ta kira, mu kuwa muka tsaya muna kallon hanya.