Gida na Ƙarshe na Gaske

Teburin Baba kaɗai ya rage a ofishin, shi ma 'yan dako biyu sun tsaya a kansa suna jira a ce su ɗauka.

"Ku sauke mana kwamfutar ƙasa, ku tafi da teburinku," in ji mai gyaran kwamfuta, yana share gumi da bayan hannu. Ya dubi Auta. "Ke ce 'yar tsohon? Zauna. Au, kujerun ma sun tafi."

Ta zauna a ƙasa, ta buɗe ƙaramar kwamfutarta. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye ba ta san barcin kirki ba. Ita ke juya shi, ita ke goge shi, ita ke fassara abin da bakinsa ya kasa faɗa. Yanzu kuma kamfanin zanen gine-ginen da ya yi wa aiki rabin rayuwarsa ya rufe wannan reshe, za a goge kwamfutocin a sayar. Abu ɗaya manaja ya yarda ta kwafa: zanen gidansu, wanda Baba ya yi ta gyarawa a lokacin hutun rana.

Yayanta ne ya aiko ta. Zanen ƙarshe yake so, wanda ya matsa wa Baba ya yi gab da ciwon, inda ɗakunan gaba biyu suka koma shaguna. Magini ya rantse ba zai taɓa bango ba sai ya ga zanen, don Baba kaɗai ya san wanne ke ɗauke da nauyin rufi. A ɗaya daga ɗakunan nan Auta ke kwana da 'yarta tun rasuwar mijinta. Yaya ya ce za a duba musu wuri a baya. A baya kuwa ban da ɗakin ajiya babu komai.

"Ga filas na zo da shi, a kwafa mini a ciki," ta ce.

Mai gyara ya yi dariyar gajiya. "Mayar da shi jaka. Da kaina na toshe ƙofofin filas na injinan nan, saboda cutar kwamfuta. Intanet kuma jiya aka yanke. Sai dai mu haɗa su baki da baki."

Ya tona akwatinsa ya zaro wani shuɗin kebul, gajere, duk ƙura. Ya soka kai ɗaya a bayan tsohuwar kwamfutar, ɗaya a gefen tata, ya yi 'yan danne-danne a nan, ya yi a can. Wata ƙaramar fitila koriya ta kama ƙyaftawa. Yana sakin hannu ta mutu.

"Na san za a rina. Harshen da ke riƙe kan ya karye." Ya kama babban yatsanta ya ɗora a wurin. "Danna nan. Kin saki, ya yanke. To, wanne ne zanen?"

Suka leƙa. Gida. Gida sabo. Gida gyararre. Gida na ƙarshe. Gida na ƙarshe kuma. Gida na ƙarshe in Allah ya yarda. Haka suka jeru har ƙasa.

"Tsohon nan!" Mai gyara ya kama haɓa. "Gidan nan ya fi mai ciki laulayi. Manhajar buɗe su ma an cire. Kwashe duka kawai, za su riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya, daga tsoho zuwa sabo."

Ya danna, ya tafi kwance sauran injinan.

Sunaye suka fara wucewa, kowanne da shekararsa a gefe. Auta ta san su ba sai ta buɗe ba. Wannan na shekarar da aka haifi Yaya ne, aka ƙara ɗaki. Wannan na lokacin da Mama ta dage sai an faɗaɗa mata kicin, Baba ya yi fushi ya faɗaɗa. Wannan kuma shekarar da ita ta dawo da jaririya a kafaɗa, Baba ya fitar wa ɗakin gaba taga ta biyu.

Yatsan ya fara zafi, daga baya ya daina jin komai. Ciwon ya hau wuyan hannu, ya kai gwiwar hannu. 'Yan dako suka cire labule, suka naɗe shimfiɗar ƙasa har gefen ƙafarta.

"Baiwar Allah, ke ma a ɗora ki a motar?" in ji babbansu.

"In da katifa a ciki, bismilla."

Suka kwashe da dariya. Ita ko murmushi bai zo mata ba.

Wayarta ta yi ƙara. Ta maƙale ta da kafaɗa.

"Auta, kin samu?"

"Yana tafiya, Yaya."

"Na ƙarshen fa. Kada ki kwaso mini tarkace. Na riga na yi wa masu haya alkawari."

"Ka gaisa da Baba yau?"

"Zan kira anjima. Ke dai ki kula."

Ya kashe. Wanda ba ya ɗaukar kaya ai bai san nisan hanya ba.

Babban 'yan dako ya dawo, wannan karon babu wasa. "Direba ya tayar da mota. Injin nan kaɗai ya rage."

"Ku ba ta ɗan lokaci," mai gyara ya ɗaga murya daga ɗaya ɗakin. "Saura ƙiris!"

Saura ƙiris ɗin ne kuwa. Sunan ƙarshe ya bayyana a allon: Gida na ƙarshe na gaske. Koren layin da ke nuna tafiyar aikin ya fara rarrafe. Auta ta zuba masa ido. A ranta ta ga gadon 'yarta a ƙarƙashin taga ta biyu. Ta ga kantar shago a wurin. Layin ya wuce rabi.

Fitilar ta mutu.

Ta dubi yatsanta. Yana nan kusa da kebul ɗin, fari fat, da shatin roba a tsakiya, amma ba ya kansa.

Mai gyara ya leƙo. Ya dubi allon, ya dube ta.

"Ya zame?"

Ita kanta ba ta sani ba.

"Zan iya roƙonsu su jira, mu sake turo wannan ɗayan," ya ce a hankali. "In kina so."

A waje mota ta yi oda. Auta ta murza yatsan a tafin hannunta, jini na dawowa kamar ana soka mata allura.

"Sun gaji," ta ce. "Kowa ya gaji."

Mai gyara ya zare kebul ɗin ya naɗe a hannu. Aka sungumi injin aka fita.

Da ta isa gida Baba na jingine da matashi inda ta bar shi, 'yarta na yi masa fifita. Ya ɗaga girar da ke motsi, alamar tambaya.

"An samu, Baba. Duka, ban da ɗaya."

Ya daɗe yana kallonta. Gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan motsa, ko murmushi ne ko ciwon ne, ba ta iya rarrabewa ba. Ya miƙo hannun kirkin ya kama babban yatsan nata, ya riƙe.

A cikin jaka waya ta soma ƙara. Ta bar ta tana yi.